Tambaya da Amsa: Daktan da ya sa ƙanwata ta ajiye maganin asibiti

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim ta jihar Jigawa. Ƙanwata ta haihu bara da kaka, kuma bayan suna da kamar wata guda sai ta shiga wani hali da ba mu san ta da shi ba: ba barci, ba cin abinci, sai kuka babu dalili, shayar da jaririn ma sai an matsa mata. Bayan an yi addu'o'i, muka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, likita ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, ya ɗora ta a kan magani, ta kuma fara samun sauƙi. Ana cikin haka wata ƙawarta ta saka ta a zauren WhatsApp na wani mutum da ake kira Dakta, wanda yake koyar da gina kai da gyaran zaman aure, yana kuma cewa yana warkar da damuwa ba tare da ƙwaya ba. Mijinta ya sayar da awaki biyu ya biya kuɗin zama shida ta waya. A zama na biyu mutumin ya ce mata maganin asibiti daskarar da ƙwaƙwalwa yake yi, ta ajiye shi. Yau mako uku ke nan, ta koma gidan jiya. Da na yi magana, mijin ya nuna mini hoton mutumin sanye da rigar yaye ɗalibai da hula, ya ce mini: "Kai NCE gare ka, shi kuwa digiri uku gare shi, na ƙarshen ma daga ƙasar waje." Yaya zan gane ko digirin nan na gaskiya ne? Kuma idan na bincika shi, ban shiga haƙƙinsa ba?

Daga wani malamin firamare, ƙaramar hukumar Ringim

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya raya abin da aka samu. Kafin mu taɓa maganar digiri, ina roƙonka da ka mayar da ita wurin likitan da ya fara ganin ta a cikin makon nan, da katinta da ragowar ƙwayoyin, ku faɗa masa ranar da ta daina sha ba tare da ɓoye komai ba. Kada ku ce za ta ci gaba da sha daga inda ta tsaya bisa ra'ayinku, domin shi ne zai san yadda za a sake farawa. Magungunan ciwon damuwa sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, likitoci kuma kan so a ci gaba da sha na tsawon watanni shida ko fiye bayan an ji sauƙi, saboda yanke su rana ɗaya yana dawo da ciwon, wani lokaci har da jiri da rashin barci da ba a da su a da. Idan kuwa ta fara cewa ta gaji da rayuwa, ko tana jin muryoyi, ko kuka ga alamar za ta iya cutar da kanta ko jaririn, to wannan ba abin jiran ranar kasuwa ba ne; a nemi mota a tafi a ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai kafin a tafi. Ciwon nan ba baƙon abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fuskantar matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi damuwa, kuma ana warkewa.

Tushen ruɗanin da ya shiga gidanku yana cikin kalmar Dakta kanta. A bakinmu kalma ɗaya ce, amma mutanen da ke amsa ta ba ɗaya ba ne. Akwai likitan asibiti, wanda ya yi shekara shida yana karatun likitanci a jami'a, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, sannan Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, ta yi masa rajista ta ba shi lasisin da yake sabuntawa duk shekara. Idan likitan ƙwaƙwalwa zai zama, sai ya ƙara wasu shekarun da ba su gaza huɗu ba yana horo a asibiti yana rubuta jarrabawa. Akwai kuma mai digirin digirgir, wanda bayan digiri na farko da na biyu ya shafe aƙalla shekara uku yana bincike a kan mas'ala ɗaya, ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban malamai har da wanda aka gayyato daga wata jami'ar. Wannan Dakta ne na haƙiƙa, amma a fanninsa kawai. Mai digirin digirgir a ilimin tarihi ko noma ko Larabci, komai zurfin karatunsa, ba shi da hurumin ya ce wa mara lafiya ta sha magani ko ta daina. Kai, ko masanin halayyar ɗan Adam da ya yi karatunsa a jami'a ta gaskiya, wanda aikinsa ne ya zauna da mai damuwa ya yi mata magani ta hanyar tattaunawa, ba ya soke maganin da likita ya rubuta. Idan yana da shakku a kai, likitan yake tuntuɓa. Sai kuma digirin girmamawa, wanda jami'a ke bai wa mutum don karrama shi, ba don ya zauna a aji ba. An yi ta rabon sa ga masu kuɗi da masu mulki har shugabannin jami'o'in Najeriya suka taru a Keffi a 2012 suka fitar da ƙa'idojin taƙaita bayar da shi.

Saboda haka, Malam, tun kafin ka ga takardar mutumin nan, abin da ya aikata ya riga ya ba ka rabin amsa. Ko da digirinsa na gaskiya ne, ya shiga gonar da ba tasa ba. Wanda ya yi karatun gaske a wannan fanni an koya masa iyakarsa tun a shekarar farko, kuma ba zai taɓa cewa mai jego da bai taɓa gani ido da ido ba ta ajiye magani ta waya.

Akwai nau'i na huɗu, wanda nake kyautata zaton shi ne naku, wato digirin da aka saya. Maganar "ƙasar waje" da mijin ƙanwarka ya kafa hujja da ita ita ce ta fi buƙatar bayani. A watan Disamba na 2023 wani ɗan jarida na jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya wallafa yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako shida, bai shiga aji ko sau ɗaya ba, bai rubuta jarrabawa ba, kuma ya yi amfani da takardar har aka tura shi bautar ƙasa. A farkon Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. A watan Agusta na 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce 'yan Najeriya fiye da 22,000 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i takwas kaɗai gwamnati ta amince da su a can, biyar a Benin, uku a Togo. Idan digiri na farko, wanda hukumomi da yawa ke dubawa kafin a ɗauki mutum aiki, ya iya bi ta wannan ƙofa, to ina ga digirin digirgir da ba za a nuna wa kowa ba sai 'yan zauren WhatsApp?

Kada kuma a ɗauka cewa idan an ambaci Amurka ko Ingila magana ta ƙare. A can ma sana'ar ta daɗe, kuma fannin gyaran aure da gina kai na daga cikin inda ta fi samun kasuwa. John Gray, wanda littafinsa kan zaman miji da mata na 1992 ya sayu miliyoyin kwafi a duniya, ya samu digirinsa na uku ne ta hanyar wasiƙa daga wata makaranta mai suna Columbia Pacific University, wadda hukumomin tantance jami'o'i ba su amince da ita ba, kuma a 1999 wata kotu a jihar Kalifoniya ta ba da umarnin a rufe ta. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Steve Eichel, da abin ya dame shi, ya cike takardu da sunan kyanwarsa ya aika wa wasu ƙungiyoyin da ke ba da shaidar ƙwarewa a kan warkar da damuwa, ya biya kuɗi, suka aiko wa kyanwar da takardun shaida. Ya yi hakan ne don ya nuna wa jama'a cewa ƙungiyoyin ba sa duba komai sai kuɗin rajista. A 2015 kuma jaridar New York Times ta fallasa wani kamfani a Karachi ta Pakistan, Axact, da ya buɗe ɗaruruwan shafukan intanet na jami'o'in da babu su a doron ƙasa, da hotunan gine-gine da na malamai, yana sayar da digiri ga mutane a ƙasashe da dama.

Na taɓa raka wata 'yar'uwata wurin irin waɗannan mutane a cikin birnin Kano, kuma abin da na gani a bangon ofishinsa ya zauna mini a rai. Takardu huɗu ne a cikin gilashi. Ɗaya mai hatimin ruwan zinare da jan zare, ɗauke da sunan wata jami'a da babu gari ko titi a jikinta. Biyu shaidar halartar taron bita ne na kwana uku-uku. Ta huɗun, wadda ya fi nunawa da yatsa yana cewa gwamnatin tarayya ta san da shi, takardar rajistar kamfani ce ta hukumar CAC. Mai sayar da taki ko mai shagon ɗinki ma yana iya mallakar irinta, domin abin da take tabbatarwa kawai shi ne an yi wa sunan kasuwanci rajista. Na tambaye shi cikin ladabi a kan me ya rubuta kundinsa na digiri na uku, sai ya ce mini ilimi ba a takarda yake ba. Wanda ya sha wahalar rubuta kundi shekara uku ko biyar, idan ka yi masa wannan tambaya, sai ka gaji da sauraro.

Wannan ita ce hanyar da za ka bi, kuma ba ta buƙatar faɗa. Ka nemi cikakken sunan jami'ar, da garin da take, da shekarar da ya shiga da wadda ya gama, da taken kundinsa, da sunan malamin da ya duba aikin. Ka tambayi inda ya yi digiri na farko da na biyu, domin mai sayen takarda sau da yawa a nan yake tuntuɓe: za ka tarar da na uku a rataye, babu na biyu a ƙarƙashinsa. Idan jami'ar ta gida ce, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, tana da jerin jami'o'in da ta amince da su a shafinta na intanet, takan kuma fitar da sunayen haramtattu lokaci zuwa lokaci. Duk wani matashi mai babbar waya a garinku zai iya duba maka. Idan ta waje ce, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance takardar ta ba da wasiƙa, sai ka ce ya nuna wasiƙar. Idan kuwa ya ce shi likita ne, lambar rajistarsa ta MDCN da lasisin bana za ka nema. Ka kuma lura da abin da ba a rubuce yake ba: wanda ke alƙawarin waraka cikin zama shida, wanda ke karɓar kuɗin duka tun kafin a fara, wanda maganinsa ɗaya ne ga mai damuwa da mai neman miji da mai karayar jari, wanda ke zagin asibiti don ya ɗaga kansa.

A ganina tambayar da ta fi dukkan waɗannan nauyi ita ce: idan ya yi kuskure, wa zai tuhume shi? Likitan da ya ga ƙanwarka yana da shugaba a asibiti, yana da hukumar da za ta iya kiran sa ta ƙwace lasisinsa. Amfanin takardar gaskiya ke nan, tana ɗaure mai ita da wata hukuma da mara lafiya zai iya kai wa ƙara. Sunaye irin su "mai koyar da dabarun rayuwa" ko "ƙwararre a gina kai" babu hukumar da ke ba da lasisinsu, kowa na iya wayar gari ya laƙaba wa kansa. Mutumin zauren WhatsApp, ranar da abu ya ɓaci, cire ku zai yi daga zauren ya sauya lamba.

Kuma wannan bincike ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu ne ma muka fi kowa saninsa. A ƙauyukan Kano da Jigawa ba a kiran mutum alaramma don ya naɗa rawani. Sai an san tsangayar da ya zauna, an san gwanin da ya yi wa darasu, an ji karatunsa a cikin mahaddata. Malamin fiƙihu ana tambayar sa a zauren wa ya sauke littafi. Maɗori da wanzami ana sanin gidan da suka gada, kuma idan ɗori ya karkace an san ƙofar da za a je a yi sallama. Abin da ya faru shi ne rigar yaye ɗalibai da Turancin da ke jikin takarda sun sa mun ji nauyin yin tambayar da kakanninmu ba su taɓa jin nauyin yi ba. Ga shi kuma mun saba kiran duk mai farar riga ko mai kemis da likita, don haka kalmar ta riga ta yi sauƙi a bakinmu kafin masu sayen digiri su iso.

Game da haƙƙinsa da kake tsoro, ka kwantar da hankalinka. Wanda ya fito ya tallata kansa yana karɓar kuɗin mutane a kan lafiyarsu, tambayar shaidarsa ba bin diddigin sirri ba ne. Ya zo a hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito cewa wanda ya yi aikin magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, to alhakin abin da ya lalata yana wuyansa. Abin da zan hana ka shi ne yaɗa cewa takardarsa jabu ce kafin ka tabbatar. Ka tsaya a kan abin da ka sani da yaƙini, wato ya sa mara lafiya ta bar magani kuma jikinta ya tashi. Wannan kaɗai ya isa a kai wa ma'aikatar lafiya ta jiha. Idan kuma a Kano yake da ofis, akwai hukumar PHIMA da ke sa ido a kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu.

Ba zan ɓoye maka ba, ina jin zafin yadda muka bar wa irin waɗannan mutane fili. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma dokar da ƙasar ke aiki da ita a kan lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1958 ce har sai a Janairun 2023 da aka sanya hannu a kan sabuwa. Mace ta taso daga ƙauye da asuba, ta biya kuɗin mota zuwa Kazaure ko Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano, ta bi layi, ta ga likita na 'yan mintoci. Shi kuwa wancan yana ba ta sa'a guda yana sauraron ta, yana kiran sunanta, ba ta kuma jin tsoron a ce an gan ta a asibitin mahaukata. Sauraron nan shi ne hajarsa ta gaskiya, kuma ku ma kuna da ita a gida kyauta. Ku samu wadda ƙanwarka ta yarda da ita, uwa ko ya ko goggo, ta riƙa zama da ita, a ɗauke mata wasu ayyukan, a bar ta ta yi barci. Addu'a kuma a ci gaba da yi, ba ta taɓa cin karo da magani ba.

Shi kuma mijin, kada ka tunkare shi da maganar an cuce shi, musamman a gaban mutane. Mutumin da ya sayar da awakinsa biyu don matarsa ta warke ba maƙiyinta ba ne, kuma kunyar a ce an yaudare shi na iya sa ya ƙara riƙe wa Daktan. Ka same shi ku biyu bayan sallar isha'i, ka fara da yaba ƙoƙarinsa, ka tuna masa yadda take a lokacin da take shan magani da yadda take yanzu, sannan ka roƙe shi ya raka ku asibiti ya yi wa likita duk tambayar da ke ransa da bakinsa.

TAMBAYA

Ina da NCE, ina koyarwa a makarantar Islamiyya a wani gari kusa da Sumaila, kuma mata kan kawo mini matsalolinsu na aure. An turo mini saƙo cewa wata cibiya za ta ba ni digirin Dakta a fannin ba da shawara cikin wata uku ta waya, a yi bikin ba da shaida a otal a Abuja. Ina so mutane su ƙara yarda da ni. In biya?

Daga wata malama, ƙaramar hukumar Sumaila

AMSA

Malama, kada ki biya. Babu digirin digirgir na wata uku, babu kuma wanda ake tsallakawa daga NCE a same shi ba tare da digiri na farko da na biyu ba. A Najeriya cibiya ko ƙungiya ba ta da ikon ba da digiri sai jami'a ko makarantar da hukuma ta amince mata, kuma gabatar da takardar bogi don neman aiki ko kuɗi laifi ne da zai iya kai mutum gaban kotu. Matan da ke zuwa wurinki sun yarda da ke ne tun ba ki da wannan suna, saboda sun ga kina riƙe sirri kina faɗin gaskiya. Ranar da wata ta gano cewa sayen sunan kika yi, har shawarwarinki na gaskiya za ta daina amincewa da su.

Hanya ta gaskiya a buɗe take gare ki, ko da ta fi tsawo. Da NCE ɗinki kina iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu ta hannun JAMB, ki karanci fannin jagoranci da ba da shawara a tsangayar ilimi, kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, tana ba da damar karatu ba tare da kin bar aikinki da gidanki ba. Tun 2022 akwai dokar da ta kafa majalisar yi wa masu wannan aiki rajista, don haka karatun zai kai ki ga shaidar da hukuma ta sani. Kafin nan, ki je asibitin da ya fi kusa da ku ki san ma'aikaciyar jinya ko jami'in lafiyar da ke wurin, ki karɓi lambarsu. Duk matar da ta zo miki ba ta barci, ko ta daina cin abinci, ko tana maganar mutuwa, ko mijinta na dukanta, ki saurare ta, sannan ki ɗauki mayafinki ki raka ta wurinsu.